Alhakin Hita

Wari ne ya fara kawo sammaci,
zaƙi-zaƙi, kamar alewa ta kama a tukunya.
Sai gilas ya yi hazo daga ciki,
na shafa, ya bar mini maiƙo a yatsa.
Suwaiba daga kujerar baya ta ce,
"Baba, takalmina ya jiƙe."
Koren ruwa kwance a kafet.
Ba sai an gaya mini ba, na san cutar.

Shekara tara na yi a Panteka
ƙarƙashin Oga Sallau mai Fijo.
Duk tokumbon da ta hauro daga Kwatano,
kafin a wanke ta zai ce, "Yaro, yanke wannan,
wa ke neman ɗumi a garin da rana ke gasa ƙarfe?"
Tiyo biyu ne ke ratsa bangon injin.
In zare su, in haɗa bakinsu da guntun fayif,
mu bar hita can cikin duhu da ƙishirwarta.
Ban ƙirga ba. Sun haura ɗari uku.

Yau ga ni a Buffalo, tsakiyar Janairu,
iskar tafki tana aske kunne ba sabulu.
Bakanike ya daddanna kwamfuta:
dala dubu da ɗari ɗaya.
Ita kanta abar ba ta wuce sittin ba,
sauran duk ladan tono ne,
sai an kwance dashbod kaf, har sitiyari.
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Kuɗin haya na jira na ran Litinin.

Sai na yi abin da hannuna ya haddace.
Lanƙwasasshen tiyo, kilif biyu, minti ashirin.
Yoyo ya tsaya, injin ya sami lafiya,
mu kuma muka koma zama a firji mai taya huɗu.

Mako biyar.
Numfashina na daskarewa a jikin gilas,
ina kankare shi daga ciki da katin banki,
taga a ɗan buɗe don in ga hanya.
Suwaiba cikin bargo biyu,
kwalbar ruwan zafi a cinya,
ta daina surutu a hanyar makaranta.
Shirun nan ne ya ci ni, ba sanyin ba.
An ce alhaki kwikwiyo ne.
Nawa ya iya iyo, har teku ya ƙetare.

Tsoho Pawlak, maƙwabcina,
ya gan ni ina hura yatsu, bai ce komai ba,
ya dai ɗaga ƙofar garejinsa ya tsaya.
Asabar da Lahadi muka kwashe.
Shi da tocila, ni kwance rigingine,
ƙafa a kan kujera, kai ƙarƙashin sitiyari,
noti-noti muna jerawa a kwalin ƙwai.
In abu ya cije, ya zage shi da yaren kakansa,
ni in yi salati.
Can ciki muka tsinci ribom ɗin wata yarinya
da ban san ta ba, da kwabo biyu masu tsatsa.

Da na zaro ta, ashe ba ta fi tafin hannu biyu ba.
Hujin kuwa, kafar allura ta fi shi.
Na daɗe ina riƙe da ita.

Mun mayar da komai. Noti uku suka rage.
Pawlak ya ɗaga kafaɗa.

Na tayar, na murɗa fanka.
Sanyi.
Sanyi dai.
Allura ta fara tashi a hankali,
Suwaiba ta cire safar hannu,
ta ɗora tafi a bakin ragar,
ta ce, "Baba, tana numfashi."

Da dare na kira Oga Sallau.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce su can zafi ya hana barci,
in na sami mai zuwa, in aiko musu da sanyin.

Notin nan uku suna cikin ramin kofi.
Duk gargadar da muka shiga, sai sun yi magana.